Hasken Dare a Ƙasar Gobir: Wanne Ne Na Kallo, Wanne Ne Na Gudu?

A tsakiyar watan Disamba na 2021, wajen ƙarfe uku da rabi na dare, bayan wata ya faɗi, wani haske kore-kore ya tsaga sama a kan wani ƙauye da ke tsakanin Sabon Birni da Isa. Bai wuce daƙiƙa uku ba. Ya haska rumbuna da danga da kan bishiyoyi, har mutum ya ga inuwarsa a ƙasa, sannan ya mutu ba tare da ƙara ba. Wata mata da ta fito kewayawa ta ƙwalla ihu, wani ya ce jirgi ne, wani ya ce ɓarayi ne suka harba alama. Kafin a ce kwabo gari ya watse cikin daji.

Cikin waɗanda suka gudu akwai wani malamin firamare ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ya saɓa ƙaramin ɗansa a kafaɗa, matarsa ta goya jaririya, kowa yana zaton 'yarsu mai shekara shida tana hannun ɗayan. Sai da gari ya waye aka same ta cikin tarin karan dawa, sanyi ya sandarar da ita, ko kuka ta kasa. Mahaifiyarsa kuwa ta faɗa wani kwazazzabo a cikin duhu, ƙugunta ya karye. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Babu wanda ya kawo hari a daren, ko kaza ba a ɗauka ba.

Wanda bai san yankin ba zai iya ganin wautar mutanen. Kwana bakwai ko takwas kafin nan, 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja a wajen Gidan Bawa, a kan wannan hanya ta Sabon Birni zuwa Isa, suka cinna mata wuta da mutane a ciki. A watan Oktoba an kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo. A watan Satumba an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyun, kuma a ƙauyen malamin waya ta koma abin haska hanya kawai. Dubban mutane sun riga sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Maraɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani zai zabura.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba: kawun malamin, tsohon manomi da ya haura saba'in, wanda ke kwana a zaure. Da safe malamin ya same shi yana jin ɗumi, ya tambaye shi cikin ɗacin rai.

"Kawu, kowa ya watse, kai kana zaune?"

Tsohon ya ce, "Malam, mi kaj ji bayan hasken?"

"Ban ji komai ba, Kawu."

"To ni ma ban ji ba. Tun ina yaro, in ɗari ya kama, kwanakin ga taurari na zuba. Wanga dai ya fi saura girma. Kai da ka yi boko, ba a koya muku ba?"

An koya musu sunayen duniyoyi tara a aji, sun haddace don jarrabawa. Babu wanda ya taɓa fita da su tsakar gida ya nuna musu ko ɗaya. Daga wannan rana malamin ya ware littafin rubutu mai shafi 40, ya ja layi huɗu: ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, tsawon wane lokaci, an ji ƙara ko ba a ji ba. Da sadarwa ta dawo, ya shiga bincike a wayarsa, yana gwada abin da ya karanta da abin da Kawu ya sani. Yawancin hasken da ke firgita mutane da dare, ashe, waɗannan tambayoyi huɗu sun isa a gane shi.

Taurarin da ke zuba

Bahaushe yakan ce "tauraro mai wutsiya" ga abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba. Akwai dunƙulen ƙanƙara da ƙura mai kewaya rana, wanda ake gani dare bayan dare har makonni, yana nan kamar bai motsi. Akwai kuma wanda ke giftawa cikin ƙiftawar ido, wanda dattawa kan ce an jefi shaiɗan. Na biyun shi ne ya watsa ƙauyen. Yawanci tsakuwa ce da ba ta fi ƙwayar gero ko ta wake ba. Tana faɗowa cikin iskar da ke lulluɓe da duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda, iskar da ke gabanta ta matse ta yi zafi, tsakuwar ta ƙone ƙurmus a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Idan ta kai girman dunƙulen hannu, haskenta kan kai a ga inuwa.

Abin da Kawu ya lura da shi tun yana yaro yana da dalili. Kowace shekara duniya kan ratsa wasu wurare da ɓurɓushin ya yi yawa, kuma a ranaku iri ɗaya take ratsa su. Mafi yawa shi ne na daren 13 da 14 ga Disamba, wanda masana ke kira Geminids, ɓurɓushin wani dutsen sama mai suna Phaethon. A wuri mai duhu, in babu hazo, ana iya ƙirga sama da 100 a awa guda. Akwai na 12 da 13 ga Agusta, sai dai gajimaren damina kan rufe shi. Akwai na wajen 17 ga Nuwamba, da na 3 da 4 ga Janairu. Da a ce wani ya faɗa wa mutanen ƙauyen da yamma cewa yau taurari za su zuba, wataƙila da Inna tana tafiya da ƙafarta har yau.

Nadiran dutsen kan yi girman da ba zai ƙone duka ba, ya iso ƙasa. Irin wannan kan zo da rugugi kamar tsawa, amma rugugin yakan makara, sai bayan minti biyu ko fiye, saboda nisan inda ya fashe. Ƙasar Hausa ta ga haka. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne, kuma har yau ana nazarin gutsattsarinsa a ɗakunan gwaji na ƙasashen duniya. A 1984 wani ya faɗo a Gujba, a 2002 wani ya faɗo a Kilabo ta wajen Haɗeja. A watan Yuli na 2025 an yi gwanjon wani dutsen Mars da aka tsinta a yankin Agadas kan dala miliyan 5.3 a birnin New York, har gwamnatin Nijar ta buɗe binciken yadda aka fita da shi.

Fitilun da ɗan'adam ya rataya

Wani hasken kuma Kawu bai san shi ba, domin lokacin ƙuruciyarsa babu shi. Wata magariba a 2023, yara suka rugo suna cewa jirage sun yi jerin gwano. Malamin ya fito ya ga ɗigo-ɗigon haske kusan ashirin, a layi ɗaya kamar carbi, suna tafiya shiru ba ƙyaftawa, har suka dusashe ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar sama. Taurarin ɗan'adam ne na Starlink. Tun 2019 kamfanin SpaceX ke harba su gungu-gungu, kuma a kwanakin farko bayan harbawa sukan bi juna kafin kowane ya kama gurbinsa. Yanzu sun kai dubbai. A Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka fara sayar da intanet ɗinsu.

Tauraron ɗan'adam ba shi da fitilar kansa da za a hango daga ƙasa, hasken rana yake maidowa. Shi ya sa ake ganinsa cikin awa ɗaya ko biyu bayan magariba, ko gab da asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma can sama rana na dukansa. Idan ya shiga inuwar duniya sai ya dushe. Wani lokaci jikinsa mai sheƙi kan juyo daidai, ya wullo haske na 'yan daƙiƙu kamar an haska madubi, ya ɓace. Mafi haske a cikinsu ita ce tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kusan kilomita 400, wadda ke kewaya duniya cikin minti 90. Takan ratsa sama daga gefe zuwa gefe cikin minti huɗu zuwa shida.

Abin da aka harba sama yakan dawo. Tarkacen roka idan ya kamo hanyar ƙasa yakan yi tafiya a hankali fiye da tauraro mai giftawa, rabin minti ko fiye, yana rarrabuwa gida-gida, kowane gutsure da jelarsa ta wuta. A watan Mayu na 2020 ɓaraguzan wata rokar Sin sun faɗa ƙauyuka a Kwaddebuwa. Ranar 30 ga Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya.

Jirgin fasinja shi ne mafi sauƙin ganewa: jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, da farare masu ƙyaftawa a kai a kai. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da Legas ko Abuja sukan ratsa sararin Nijar da arewacin Najeriya cikin dare, a nisan kilomita 10 zuwa 12, kuma ƙugin injinsu yakan biyo su a baya.

Walƙiya marar tsawa, da tauraron da ke rawa

A ƙarshen bazara, cikin Mayu da Yuni, littafin malamin ya cika da rubutu iri guda: haske a gabas, ƙasa-ƙasa, yana kunnuwa yana mutuwa, babu ƙara. A wannan Kawu ne malami. Hadari ne yake sauka a wajen Maraɗi ko Katsina. Ana iya hango walƙiya daga nisan kilomita 150, amma da wuya a ji tsawa idan ta wuce kilomita 20 zuwa 25. Hadarin wannan yanki daga gabas yake tasowa ya yi yamma, don haka abin da ake hangowa bayan isha'i yakan iso da iskarsa kafin asuba. Manomi ya san wannan haske, da shi yake gyara kalme ya ɗebo iri. Shekarun tashin hankali ne suka sa ƙananan yara suka taso suna ɗaukarsa ɓarin wuta.

Daga nan malamin ya koyi ƙidayar da ta fi kowace amfani. Haske yakan iso nan take, ƙara kuwa tana cin kusan daƙiƙa uku kafin ta yi kilomita ɗaya. Wanda ya ga haske ya fara ƙirgawa a zuci, ya kai 15 kafin ya ji ƙara, abin yana nesa da shi da kusan kilomita biyar. Wanda ya kai 60, kilomita ashirin ne. Ƙidayar ba ta bambanta aradu da bam ba, duka biyun haka suke.

Akwai kuma hasken da ba ya zuwa ko'ina, ido ne ke motsa shi. Sau da yawa 'yan sintiri sun zo suna rantsuwa cewa jirgi marar matuƙi ya tsaya cak a yamma yana leƙen gari. Zara ce, matar wata. Ita ce kuma Gamzaki idan ta fito da asuba, duniya ɗaya ce mai suna biyu. Ba ta nisa da rana, shi ya sa ba a ganinta a tsakiyar dare. A watannin ɗari kuma, tauraron da Larabawa ke kira Shi'ira yakan ɓullo ta kudu maso gabas bayan isha'i, yana ƙyalli ja da shuɗi da fari saboda kaurin iskar da haskensa ke ratsawa. Idan mutum ya ƙura wa ɗigon haske ido a cikin duhu, yakan ga kamar yana rawa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a jingina kai da bango, a daidaita hasken da reshen bishiya ko ƙarshen danga. Tauraro zai ɗauki mintuna kafin a ga ya gusa, kuma yamma zai yi kamar sauran.

Hasken da ke da mai shi

Saura kashi na ƙarshe, wanda babu mai cewa a zauna kallonsa. Sararin gabashin Sakkwato fagen yaƙi ne. Sojin saman Najeriya na kai hare-hare a dazuzzukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni da Shinkafi, inda Bello Turji da mutanensa suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. Akwai jiragen Super Tucano da aka karɓo daga Amurka a 2021, akwai jirage marasa matuƙi ƙirar Sin da Turkiyya. Jirgin yaƙi bai zama dole ya kunna fitila ba, sau da yawa kunne ne ke fara sanin zuwansa.

Wannan hasken yana da nasa alamomi. Harsashi mai wuta daga ƙasa yake tashi, ja, a jere, yana lanƙwasa, abin da tauraro ba ya yi. Fitilar haska fage da soji ke harbawa takan rataya a sama, ta sauko a hankali tana hayaƙi, har kusan minti guda. Fashewar bam takan haska ƙasa-ƙasa, ƙara ta biyo baya, wani lokaci da girgizar ƙasa. Jan haske da ya daɗe a wuri ɗaya yana ƙaruwa, wuta ce, ko ta daji ko ta gari. Ƙananan fitilu masu rawa a matakin ƙasa, da ƙugin babura, ba sa buƙatar fassara ga kowa a Gobir.

A daren 25 ga Disamba 2025, mutanen Jabo a ƙaramar hukumar Tambuwal suka ga sama ta yi ja, suka ji ƙara, wani abu ya faɗi a gonaki kusa da gari. Sai daga baya suka ji a labarai cewa Amurka ce ta kai hari. Gwamnatin tarayya ta ce dajin Bauni na ƙaramar hukumar Tangaza aka nufa, kuma tarkacen makaman ne ya faɗa Jabo da Offa ta jihar Kwara. Ba a rasa rai a Jabo ba. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi, hukuma ta ce an binne aƙalla mutum 85. A ƙaramar hukumar Silame, ranar 25 ga Disamba 2024, aƙalla mutum 10 ne suka mutu a wani harin sama da aka ce an nufi Lakurawa da shi.

A duk irin waɗannan lokuta akan shiga jayayya: hukuma ta faɗi nata, mutanen gari su faɗi nasu. Maganar talaka ba ta cika nauyi ba idan abin da zai iya cewa kawai shi ne "mun ga wuta a sama". Amma wanda zai ce ƙarfe goma da minti ashirin ne, daga kudu ya taho, sau biyu ya haska, na ƙirga 12 kafin na ji ƙara, ya ba ɗan jarida ko lauya ko mai bincike abin kamawa. Idan mutum uku a ƙauyuka uku suka faɗi kusurwar da kowanne ya hango haske ɗaya, ana iya ja layuka a taswira a gano inda ya sauka. Littafin da malamin ya buɗe don ya kwantar da hankalin iyalinsa, haka ya wayi gari ya zama kundin shaida.

Abin da ya rage a yi

Sanin sama ba zai kori ɗan bindiga ba, kuma malamin bai taɓa cewa kowa ya ƙi gudu ba. Ƙa'idarsa ga ɗalibansa ita ce: hasken da ya gifta can sama shiru, a tsaya a ƙirga zuwa talatin, kunne a buɗe. Hasken da ya taso daga ƙasa, ko ya zo da ƙugi, ko aka rasa gane shi, a bi abin da manya suka tsara, kuma kowa ya san yaron da ke hannunsa. Gudun banza ma yana da tsada: karaya, ɓarin ciki, saran maciji, yaran da ke kwana a sanyi. Yana da wata illar kuma, domin garin da ya gudu sau biyar a kan tauraro yakan yi nauyin jiki a karo na shida.

Yawancin waɗannan abubuwa sanannu ne tun kafin su faru. Ranakun zubar taurari ba sa canzawa. Lokacin giftawar tashar sararin samaniya da jerin Starlink ana iya duba shi kwanaki kafin ranar, kuma manhajar Stellarium tana nuna sunan kowane tauraro ko babu intanet. Gidan rediyon Rima a Sakkwato, ko na Anfani a Maraɗi, zai iya ware minti biyu bayan labarai ya ce, jama'a, daren gobe taurari za su zuba, kada a firgita. Malaman kimiyya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya tsara jadawalin shekara a takarda guda, da Hausa da ajami, a kai wa limamai da masu unguwanni. Waɗanda suka fito daga wannan yanki suke aiki a Abuja da Kano, waɗanda ake kira da tsakar dare ana cewa an ga wuta a sama, su ma za su iya koyon tambayoyin nan huɗu, su daina amsawa da "Allah ya kyauta" kaɗai.

Kawu ya rasu a daminar 2024. Kafin nan ya nuna wa malamin Kaza da 'ya'yanta, ya faɗa masa yadda iyayensa ke duban fitowarsu da faɗuwarsu su san kusantowar ruwa. Malamin ya koma cikin garin Isa da iyalinsa, kamar yadda mutanen ƙauyuka da yawa suka yi, yana kan littafi na huɗu. A tsakiyar Disamban da ya wuce ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa aka fito da Inna aka lulluɓe ta da bargo. Yarinyar da aka tsinta cikin karan dawa, wadda yanzu ta kai shekara goma, ita ce mai riƙe da biro. Sun ƙirga 41 kafin sanyi ya kore su ɗaki.